KUKAN LITTAFI DA KUKAN TSAKAR GIDA

 Yau dai sai ku yi haƙuri, babu Alhaji mai Marsandi a cikin wannan rubutu, babu budurwa mai dara-daran idanu da gashi har gadon baya. Sharhi zan yi a kan littattafanmu na Hausa da irin tausayin da suke koya mana, kuma bulalar da na ɗauko a jikina za ta fara sauka, don haka kada wata marubuciya ta ce da ita nake.

Abin da ya jawo maganar ya faru ne wata Laraba da damina. Na sauke girkin rana, yara sun tafi Islamiyya, maigida yana kasuwa, sai na jawo akwatin littattafan da Gwaggona ta bar mini, Allah ya jiƙanta, na zaro Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Na taɓa karanta shi ina aji uku a sakandare, a ɓoye a tsakiyar littafin lissafi, amma a ranar sai ya zame mini sabo fil, don yanzu na san abin da ake kira kuɗin cefane. Ina kaiwa inda aka kori Rabi da 'ya'yanta daga gidan da ta ƙarar da ƙuruciyarta a ciki, sai hawaye shar-shar har na jiƙa gefen matashi. Ina cikin haka na ji ƙarar kwano a bakin rijiya. Ko tashi ban yi ba, daga kwance na ɗaga murya na ce, "Ke Lanti! Wallahi kika fasa mini tangaran a kuɗin aikinki zan cire." Ta ce, "Ki yi haƙuri Anti." Na gyara kwanciya na ci gaba da kukana.

Lanti, ba sunanta na gaskiya ke nan ba, yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu da aka kawo mini daga ƙauye tana taya ni aiki. Sai bayan la'asar da maƙwabciyata ta shigo aron rariya, ta dube ta, ta ce, "Maman Ummi, yarinyar nan lafiyarta ƙalau kuwa? Dubi idonta fa." Na kai hannu goshinta, zafi rau kamar garwashi. Ashe tun daren jiya zazzaɓi yake cinta, a haka ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta ja ruwa, ba ta faɗa ba don tana tsoron kada in ce lalaci ne. Kwanon ma jiri ne ya ɗebe ta ya suɓuce mata.

To 'yar'uwa ki duba wannan al'amari. Na zubar da hawaye saboda matar da babu ita sai a takarda, alhali ga 'yar mutane taku goma daga ƙofar ɗakina tana rawar ɗari ban gani ba. Tun daga ranar nake tambayar kaina, wai wane irin tausayi ne littattafan nan suke shuka mana, mu masu rubutawa da ku masu karantawa?

LITTAFIN DA KANSA

Bari in fara da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990, wato kusan sa'ana ne, a zamanin da mata suka fara cika kasuwar Kano da littattafan da suka buga da kuɗin aljihunsu. Marubuciyarsa ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad. An yi mata aure tana da shekara 13, daga baya ta koma ta nemi ilmi da girmanta, kuma tun 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya. An mai da Alhaki fim a 1998, sannan a 2012 Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani mai suna Blaft ya buga a ƙasar Indiya. Mu da muka biyo baya duk a inuwarta muke, wannan babu gardama.

Ga wadda ba ta karanta ba, ga labarin a taƙaice. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, da matarsa Rabi da 'ya'ya tara. Yana da abin hannu amma gidansa a yunwace yake, abin da yake ajiyewa na cefane ba ya kai su ko'ina, kuɗin suna tafiya wajen holewa. Ana nan ya auro Delu, wadda ta daɗe tana zaman kanta, gida ya ɗauki wuta, ƙarshe ya kori Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta ɗaura ɗamara ta kama sayar da abinci ta riƙe zuriyarta, 'yarta Saudatu ta samu miji mai hali, Alhaji Abubakar. Can kuma gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, zamansa da Delu ya watse, ya dawo yana neman wadda ya wulaƙanta, maza suka taru a kan Rabi har ta koma.

Abin da ya sa wannan littafi ya fi da yawa daga cikin namu shi ne, bai ɓata lokaci wajen siffanta labule da kujeru ba. Tukunya ya leƙa. Ya nuna mace tana raba ɗan abin da ba zai isa ba gida-gida, wannan na miya, wannan na sabulu, wannan na makaranta, alhali mai gidan yana cin daɗinsa a waje. Irin matar nan tana kowace unguwa, kowa yana wuce ƙofar gidanta, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ƙirga wahalarta sai da Hajiya Balaraba ta zaunar da mu ta ce ku duba. Ai tausayi daga nan yake farawa, daga dubawa. Amma fa a nan ɗin ma matsalar take.

SA DA TUNKIYA

Ƙanena malamin makaranta ne, shi ya ba ni wani labari da na kasa mantawa. A ƙasar Sin, kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, an yi wani malami mai suna Mengzi wanda yake yawo fadar sarakuna yana yi musu nasiha. Akwai wani sarki da wata rana yana zaune aka wuce da sa ta gabansa za a kai shi yanka don wani bikin al'adarsu. Da ya ga san yana makyarkyata don tsoro sai zuciyarsa ta kasa ɗauka, ya ce a sake shi, a yanka tunkiya a madadinsa. Mutanen gari suka ce rowa ce, sarki ya ga tunkiya ta fi araha. Malamin ya ce da shi a'a, na san tausayi ne ya kama ka, sai dai san ka gani da idonka, tunkiyar kuwa ba ka gan ta ba. Sannan ya tambaye shi, yaya aka yi tausayinka ya kai ga dabba, amma bai kai ga talakawanka ba?

Da na ji labarin nan sai na ce wallahi da mu marubuta ake. Duk wadda ta ɗauki biro ita take zaɓar wanda zai zama sa da wanda zai zama tunkiya. Tauraruwar labari muna shiga cikin zuciyarta, mu ji bugun ƙirjinta, mu kwana da ita muna juyi a gado. Sauran mutanen kuwa daga nesa muke hango su, a yanka su a bayan gida ba mu ji komai ba.

Turawa ma sun daɗe suna tauna wannan magana. Adam Smith ɗin nan da muka haddace sunansa a ajin Ikonomiks, kafin littafinsa na tattalin arziki na 1776, ya rubuta wani a 1759 a kan tushen kyawawan halaye. Bayaninsa shi ne, ba mu da wata ƙofa ta jin abin da wani yake ji sai ta hanyar sawwala kanmu a matsayinsa. Daga irin wannan tunani ne aka samu masu ra'ayin da za mu iya kira ɗan'adamtaka, masu cewa mutum ya cancanci a kyautata masa don kawai shi ɗan Adam ne mai jin yunwa da ciwo da kunya, ba sai an tambayi garinsu ko ƙabilarsa ko halinsa ba. A kan wannan harsashi Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa sanarwar haƙƙin ɗan Adam a 1948. Wasu daga cikin masu ra'ayin sun ajiye addini gefe, ni kam ban bi su can ba. Amma ma'aunin da suka kawo ya yi mini amfani wajen auna littattafanmu, don sawwala kai a matsayin wani ai shi ne sana'armu gaba ɗaya. Tambayar kawai ita ce, a matsayin wa muke sa mai karatu?

WA YA TAƁA TAUSAYA WA DELU?

Na karanta Alhaki sau uku a rayuwata, ban taɓa rufe shi da ko ƙwayar tausayin Delu a raina ba, kuma duk wadda na tambaya haka take ce mini. Delu ta yi mugunta, ban zo wanke ta ba. Amma ranar da na gama karatu na uku sai na zauna ina tunani, ita wannan mata ai an haife ta, an yi mata suna, an yanka rago, wata uwa ta goya ta. Me ya fitar da ita daga ɗaki? Sakin wulaƙanci ne irin wanda aka yi wa Rabi? Maraici ne? Da Rabi ba ta da ƙarfin zuciya da hannun girki da 'yan'uwa, ina za ta kwana da 'ya'ya tara? Tsakanin Rabi da Delu akwai hali, na yarda, amma akwai kuma abin da rayuwa ta miƙa wa kowacce. Ko a Islamiyya an karantar da mu labarin mace mai zaman kanta da aka gafarta wa saboda ta ɗebo ruwa a takalminta ta shayar da kare mai ƙishirwa. Ashe har a cikin irin wannan zuciya akwai sauran danshi. Mu kuwa a littattafanmu mun ƙafar da ita ƙarƙaf.

Ita Hajiya Balaraba tana da uzuri, yaƙin da ta fito yi a 1990 shi ne a ga wahalar uwargida, kuma ta ci yaƙin. Laifin namu ne da muka zo bayanta shekara talatin da ɗoriya muna ta maimaita kishiya ɗaya tak. Da a takarda ne, yanzu a waya ne ta WhatsApp, ko a saurara a YouTube ana tsinkar zogale, amma kishiyar ba ta canja ba: mai bilicin, mai kaifin baki, mai bin boka, wadda ba ta da uwa ba ta da ciwon kai. Haka uwar miji, haka matar uba. 'Yar aiki kuwa ko suna ba ta samu, sai dai a ce "mai aiki ta kawo lemo," ta ajiye ta ɓace. In ta yi sa'a ta samu shafi guda, to sata ta yi ko ta ci amanar uwar ɗakinta da Alhaji. Almajirin gida shi ma aike ne kawai aikinsa, ba ya jin sanyi, ba ya kewar uwarsa.

Ni ma na yi. A littafina na biyu na ƙirƙiro kishiya, na ɗora mata duk sharrin duniya, a ƙarshe na haukata ta na fitar da ita kasuwa yara suna jifa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin rubuta shafin nan, masu karatu ma sun yaba. Sai wata rana a gidan biki wata mata ta matso kusa da ni, kamila da ita, ta gaishe ni, ta ce, "Yaya, ke ce kika rubuta littafi kaza?" Na washe baki ina jiran yabo. Ta ce, "Ni ta biyu ce a gidan mijina. Na farkon rasuwa ya yi ya bar ni da yara uku, na shekara huɗu a ɗakin mahaifiyata kafin wannan ya fito. Ranar da na tare, 'yar uwargidana babba tana riƙe da littafinki, har yau da sunan kishiyar ciki suke kirana a bayan idona. Ban taɓa sanin ƙofar boka ba, Yaya. Inda zan sa kaina da marayuna na nema." Ba ta zage ni ba, ta ce a gai da yara ta tashi. Shinkafar bikin nan ban iya cinye ta ba.

TAUSAYI BA ADASHE BA NE

Aibi na biyu ya fi na farko ɓoyuwa. A littattafanmu duk wadda ta yi alheri sai an biya ta kafin shafin ƙarshe, kuma da kuɗin duniya. Ta taimaki tsohuwa a bakin titi, ashe uwar attajiri ce. Ta yi haƙuri da maraici, sai ga ɗan sarki. Ko a Alhaki, sauƙin da ya zo wa gidan Rabi yana da nasaba da auren Saudatu da mai kuɗi. Shi kuma azzalumi ga gobara tana jiransa. Sunan littafin ma abin da yake faɗa ke nan, kuma karin maganar gaskiya ce, alhaki yana bin mai shi. Sai dai mun mai da ita tamkar ka'idar lissafi, mun koya wa 'yanmata cewa tausayi zubi ne irin na adashe, ki zuba yau, ranar kwasarki tana zuwa.

To idan ranar kwasa ba ta zo ba fa? Rabi nawa muka sani da suka tsufa a bakin murhu, babu surukin da ya zo da mota? Alhaji Abdu nawa muka sani da rumfarsu ba ta taɓa ƙonewa ba, suka mutu a kan katifa mai laushi? Yarinyar da ta tashi da lissafin adashe, in ta yi alheri shekara biyar ba ta ga riba ba, sai ta ce an cuce ta, ta rufe hannunta. Shi malamin nan na ƙasar Sin ya ba da wani misali da ya dace da gidajenmu: duk wanda ya hango yaro yana rarrafe zai faɗa rijiya, gabansa zai faɗi nan take, kafin ya tuna ko ɗan waye, kafin ya yi tunanin godiyar iyaye ko yabon maƙwabta. Wannan faɗuwar gaba ita ce asalin abin, kuma babu ciniki a cikinta.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi wannan muni. Da yake muna son mu hukunta mugu, sai mu ɗauko cuta mu yi bulala da ita: hauka, shanyewar ɓarin jiki, ƙanjamau, rashin haihuwa, haɗarin mota. Mun yi ta yi har mai karatu ta saba, in ta ga mai shanyewar jiki abin da yake fara zuwa ranta shi ne, ko me ta shuka? Alhali hawan jini ne yake kawo yawancin shanyewar jiki, kuma ba ya tambayar halin mutum kafin ya kama shi. Taɓin hankali ciwo ne da ake magani a asibiti. Matan aure nawa ne suka ɗauki ƙanjamau a kan gadon aurensu ba su taɓa taka ƙofar banza ba? Ranar da irin wannan baiwar Allah ta fi bukatar a zauna kusa da ita, ranar ce ake nuna ta da baki ana cewa alhaki ne. Mu marubuta da hannunmu a cikin wannan, kada mu yaudari kanmu.

KOMAWAR RABI

Yanzu ga wurin da ake ta gardama a kansa tun fitowar littafin. Wasu suna cewa Hajiya Balaraba ta ɓata rawarta da tsalle, don me Rabi za ta koma wa mutumin da ya watsar da ita? Wasu kuma suna cewa ai nan ne darasin yake, mace ta gari mai tausayi ce. Ni duka biyun ban bi su ba. A ganina ƙarshen nan shi ne wurin da littafin ya fi faɗar gaskiya, don ya nuna yadda ake yi a gidajenmu ba tare da ya shafa masa zuma ba: in namiji ya faɗi, sai a tara dangi a zo a roƙi mace ta tausaya, amma ranar da ita take kan titi da 'ya'ya tara, taron bai iya tanƙwara shi ba.

Akwai wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa a Ingila. A 1974 ya wallafa ɗan littafi a kan wanda Bahaushe yake kira mutumin kirki, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Da ƙanena ya karanto mini su sai na ce, af, ina tausayi? Haƙuri yana nan, kunya tana nan, ladabi yana nan, duk abubuwan da ake nema a wurin na ƙasa. Ban ce Bahaushe bai san tausayi ba, kalmar tamu ce, kuma wanda ya ce "Allah sarki" ya san abin da yake ji. Amma mu duba da kyau, sau nawa ake ce wa mace "ki yi haƙuri," sau nawa ake ce wa wanda ya fi ƙarfinta "ka ji tausayi"? Ni kaina a ranar Larabar nan wa ya ba wani haƙuri? Mai zazzaɓi ce ta ba mai kwance a gado.

Haƙuri ana iya tilasta shi, a taru a kan mutum har ya sunkuyar da kai. Tausayi kuwa in aka tilasta shi ya tashi daga sunansa. Rabi tana iya jin tausayin uban 'ya'yanta, ta aika masa da tuwo, ta hana yara su raina shi, duk ba tare da an ɗaure ta a ɗakinsa ba. In kuma ta zaɓi komawa da kanta, wannan girmanta ne. Abin da nake ƙi shi ne mu marubuta mu riƙa ɗaukar danniya muna yi mata kwalliya muna kiranta tausayi, har yarinya ta tashi tana zaton mace mai tausayi ita ce wadda ba ta da bakin cewa an cuce ta. Mai tausayin gaske tana iya kallon azzalumi ta ce ka yi zalunci, sannan ta ba shi ruwa in yana jin ƙishirwa. Hannu ɗaya adalci, hannu ɗaya jinƙai, da su biyun ake ɗaukar jinka.

ABIN DA YA RAGE MANA

Kada a ce na ce a daina rubuta mugaye. Duniya da mugaye a cikinta, littafin da babu su ai lami ne. Roƙona ga 'yan'uwana marubuta shi ne, in za ki rubuta muguwa, ki ba ta uwa, ki ba ta dare ɗaya da ta kasa barci. In 'yar aiki za ta kawo lemo, ki ba ta suna, ki faɗa mana garinsu. Ki bar wata mai alheri ta kai ƙarshen littafi ba ta auri mai kuɗi ba, mu ga ko alherin nata zai tsaya da ƙafarsa. Ki bar wata mutuniyar kirki ta yi ciwo, a yi jinyarta da mutunci. Littafin da nake rubutawa yanzu na ba amarya babi uku tana magana da bakinta. Mai shagon da yake karɓar littattafaina ya leƙa ya ce, "Hajiya, wannan fa ba zai tafi ba, mata so suke a ci uban kishiya." Na ce to Alhaji, mu gwada mu gani. Wataƙila shi ne da gaskiya in yi asarar kuɗin bugu, ku ne za ku raba mu.

Ku kuma masu karatu, ba na hana ku kuka ba, ni ma gobe in na samu littafi mai daɗi zan yi. Amma hawayen littafi ba shi da tsada, ba ya cin ko sisinki, ba ya tashinki daga gado. Na tsakar gida shi ne mai wuya, don shi sai kin ajiye abin da kike yi, kin taɓa goshi, kin buɗe jaka, wani lokaci ma sai kin haɗiye fushin da kike da gaskiya a kansa. In kin rufe littafi idonki yana jiƙe, kafin ya bushe ki leƙa waje ki ga wa yake wurin: yarinyar da take miki wanke-wanke, almajirin da yake kai miki niƙa, tsohuwar da take kawo wankau, abokiyar zamanki da ɗanta ya kwana yana tari kina ji ta bango kika yi kamar ba ki ji ba.

Na san za ku tambaye ni Lanti. Na kai ta asibiti a daren, aka gwada jini aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba ta magani, cikin kwana huɗu ta miƙe. Na sa ta a Islamiyyar su Ummi, na rage mata jan ruwa. Kada ku ce na zama waliyyiya, makon jiya ma na daka mata tsawa a kan ƙona wake, sai da na kwanta abin ya dame ni. Kuma babu attajirin da ya fito ya ce ashe 'yarsa ce da ta ɓace, 'yar manomi ce kamar yadda take tun farko, aikin da na rage mata a kaina ya dawo. Abu ɗaya ne ya canja. Rannan da safe ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen hijabi, ta ce, "Anti, yau kaina yana ciwo." Da bakinta ta faɗa, ba ta jira maƙwabciya ta shigo aron rariya ba.

Allah ya sa mu dace, ya ba mu ikon gyarawa. Wadda ta ga kuskure a cikin wannan sharhi ƙofa a buɗe take, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.

Taku har kullum.